Kafin a yi mata fomat: ina ainihin ciwon kwamfutar gida yake?

A layin Tip Toe da ke Circle a birnin Akra, da ƙananan shagunan gyara na Nima da Mamobi da Madina, yawancin kwamfutocin da ake kawowa da ƙorafi ɗaya suke zuwa, wai bairos ya kama su. Idan kwamfuta ta yi nauyi, a ce bairos ne. Idan tana mutuwa da kanta ana cikin aiki, ko shafin intanet ya ƙi buɗuwa, nan ma shi ake ɗora wa laifi. Maganin da aka saba bayarwa shi ma guda ne: a yi mata fomat, a goge duk abin da ke ciki, a sake ɗora Windows. Mai ita ya biya ya koma gida, bayan 'yan makonni ciwon ya dawo yadda yake, sai dai a wannan karon hotunan biki da takardun shago sun riga sun salwanta. Dalili kuwa shi ne alamun da ake gani a allo suna kama da juna, alhali tushensu ya sha bamban. Wata matsalar ta wayar wuta take shigowa, wata tana jikin na'urar, wata tana kan hanyar da intanet ke bi kafin ya iso ɗaki, wata kuma daga bakin mai kwamfutar take fita ranar da ya karanta wa baƙo wata lamba a waya. Ƙalilan ne daga cikinsu fomat ke warkarwa.

Wuta ce ta fi cancanta a fara tuhuma a Akra. Duk wanda ya zauna a garin nan tsakanin 2012 da 2016 ya san dumsor, wato yawan ɗauke wuta da dawo da ita, kuma ko da yake lamarin ya yi sauƙi a kan yadda yake a 2015, har yanzu ana ɗauke wuta, ana kuma samun ta a raunane a unguwannin da gidaje suka yi wa taransifoma ɗaya yawa. Wutar gida a Ghana bolt 230 ce, amma a daidai lokacin da aka dawo da ita takan yi tsalle ta wuce haka na ƙiftawar ido, kuma wannan tsallen ne ke ƙona caja da rauta, wato na'urar da ke raba intanet a gida. Ɗaukewar ma tana da tata ɓarnar. Kwamfuta kusan kodayaushe tana rubuta wani abu a faifan ajiyarta, idan wuta ta yanke a tsakiyar rubutun sai fayil ya tsaya rabi da rabi. In aka yi rashin sa'a fayil ɗin na Windows ne kuma ana cikin sabunta shi, to washegari kwamfutar za ta tsaya a shuɗin allo, ko ta yi ta juyi tana cewa tana gyara kanta. Abin da ke kare kwamfutar teburi shi ne UPS, akwatin batir da ake sanyawa tsakaninta da bango, wanda ke ba da 'yan mintunan da za a adana aiki a kashe ta yadda ya dace. Dogon soket mai jan fitila da ake sayarwa a bakin titi kuwa, yawancinsa rarraba wuta kawai yake yi, ba ya tare tsallenta. Wanda ba shi da halin UPS yana da dabarar da ba ta cin ko pesewa: da an ɗauke wuta ya zare komai daga bango, idan an dawo da ita ya dakata ta daidaita kafin ya mayar.

Bayan wuta sai zafi. A cikin laftof akwai ƙaramar fanka da ke hura iska ta tsakanin wasu siraran ƙarafa don ta fitar da zafin firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, kuma daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da hazon hunturu ke saukowa daga arewa, ƙura tana taruwa a nan ta toshe hanyar. Idan zafin ya doshi digiri 100, firosesa yakan rage gudunsa da kansa don kada ya ƙone, in abin ya ci tura ya kashe kwamfutar gaba ɗaya. Alamar a bayyane take: tana sauri a mintunan farko, sannan fanka ta fara kuka, ƙasanta ya ɗauki zafi, komai ya fara jan ƙafa. Ɗora ta a kan katifa ko darduma yana ƙara tsananta abin, domin ta ƙasa take shaƙar iska. Gyaran bai wuce a buɗe ta a share ƙurar a shafa wa firosesa sabon man sanyaya ba.

Sai dai mafi yawan nauyin da ake kuka da shi daga faifan ajiya yake. Kasuwarmu ta kayan da aka yi amfani da su ce: HP EliteBook da Dell Latitude da Lenovo ThinkPad waɗanda ofisoshin Turai da Amurka suka gama da su, aka loda a kwantena aka sauke a tashar Tema. Na'urori ne masu ƙwari, kuma ban ga laifin sayensu ba, domin sau da yawa sun fi sababbi masu araha inganci. Amma wasunsu suna zuwa da tsohon faifai mai juyawa, irin mai zagaye 5,400 a minti ɗaya, alhali Windows 10 da 11 suna neman abin da ya fi ƙarfinsa. Kowa zai iya tabbatar da haka ba tare da ya biya kowa ba. A danna Ctrl da Shift da Esc tare, taga za ta buɗe mai nuna yadda kowane sashe na kwamfutar ke aiki. Idan layin faifai ya kafe a kan kashi 100 alhali firosesa na hutawa, to an kama mai laifin. Sauya shi da SSD, wanda babu abin da ke motsi a cikinsa, yana sa kwamfutar da ke ɗaukar mintuna kafin ta tashi ta koma tashi cikin daƙiƙu. Idan kuma layin RAM ne ya cika, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke riƙe aikin da take yi, kamar yadda yakan faru ga mai gigabait 4 da ya buɗe shafuka da yawa a Chrome, ƙara shi zuwa 8 ne magani. A ganina babu kuɗin da mai tsohuwar kwamfuta zai kashe ya ga amfaninsa nan take kamar na waɗannan biyun.

Faifan da ya fara mutuwa yana da tasa muryar: ƙas-ƙas a hankali, kwamfuta ta daskare, fayil ya ƙi kwafuwa. A nan fomat ɓarna ce tsantsa, domin ɗan ƙarfin da ya rage wa faifan wajen kwashe abin da ke ciki ya kamata a kashe shi. Akwai manhaja kyauta mai suna CrystalDiskInfo da ke karanta rahoton lafiyar faifai ta nuna shuɗi ko rawaya ko ja, tare da yawan sa'o'in da ya yi yana aiki, kuma mai saye a Circle yana da haƙƙin ya ce a buɗa masa ita kafin ya ƙirga kuɗi.

Wata ƙaramar matsala da ke tayar da hankalin mutane ita ce ta agogo. A jikin babban allon yawancin kwamfutoci akwai ɗan zagayayyen batir, CR2032, wanda ke riƙe kwanan wata idan an kashe ta, kuma idan ya ƙare takan farka tana zaton tana wata shekara da ta daɗe da wucewa. Kowane shafi mai tsaro, wato mai fara adireshinsa da https, yana da takardar shaida mai ranar farawa da ranar ƙarewa, burauza kuma tana gwada ta da agogon kwamfutar. Da ta ga ranakun ba su dace ba sai ta ƙi buɗe shafin, ta fito da gargaɗin cewa haɗin ba shi da aminci. Mai ita ya ɗauka an yi masa kutse, ana zaton wuta a maƙera sai ga ta a masaƙa. Duba agogon da ke kusurwar allo ya isa ya warware zancen.

Batun intanet ya fi wannan sarƙaƙiya, saboda hanyar tana da gaɓoɓi da yawa kuma ɗaya ko biyu ne kawai ke hannun mai gida. Daga kwamfuta saƙo yana zuwa rauta ta waifai, daga rauta ya tafi turken kamfanin sadarwa ko ya bi wayar faiba, daga nan ya shiga manyan wayoyin da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku. Ranar Alhamis 14 ga Maris 2024, a kwanakin farko na azumi, huɗu daga cikin wayoyin nan, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a tekun Yammacin Afirka, intanet ya durƙushe a Ghana da maƙwabtanta, hukumar sadarwa ta NCA kuma ta sanar cewa gyaran zai ɗauki aƙalla mako biyar. A ranar, alamar waifai a wayoyin mutane cike take taf, domin ba ta faɗin komai sai ƙarfin haɗin da ke tsakanin waya da rautar da ke ɗaki. Kamar famfo ne, lafiyar kansa ba ta nuna cewa akwai ruwa a bututu.

Saboda haka gwajin farko shi ne a rarrabe gaɓoɓin. Idan kwamfuta ce kaɗai ta kasa shiga alhali wayoyin gidan suna shiga ta rauta ɗaya, matsalar tana jikinta. Idan kowa ya kasa, a gwada datar layi a waya. In ta yi aiki, to rauta ce ko bandil ɗinta ya ƙare, in kuwa ita ma ta ƙi kuma maƙwabta suna kuka, sai haƙuri. Zare rauta daga wuta na rabin minti yana warware matsaloli da dama, amma a kiyayi ɗan ramin bayanta da ake soka wa tsinke, domin yana goge duk saitin da aka yi mata.

Ginin gidajenmu shi ma yana da hannu. Gidan haya na Nima ko Sabon Zango ɗakuna ne a jere, bangon bulo, rufin kwano, ƙofofin ƙarfe, ga tankin ruwa a tsakar gida, kuma siminti da ƙarfe da ruwa duk suna raunana siginar waifai. Rautar da aka ɓoye a bayan talabijin don gudun yara ta riga ta yi asarar ƙarfi tun kafin siginarta ta fita ɗakin. Wurinta sama ne a sarari. Idan kuma mai aiki da layin waya ce, irin su TurboNet da MiFi, to kusa da taga, domin ita ma sai ta kamo daga turke kafin ta raba. Yawancin rautocin yanzu suna watsawa a kan mita iri biyu, gigahaz 2.4 da 5. Ta 5 ta fi sauri amma bango ɗaya ko biyu ke karya ta; ta 2.4 ta fi ratsa gini, sai dai tashoshi uku ne kacal a cikinta da ba sa hawa kan juna, wato 1 da 6 da 11, kuma a unguwa mai cunkoso rautoci da dama ne ke rububinsu. Wanda ke ɗaki ɗaya da rauta ya hau ta 5, na nesa ya zauna a 2.4, kwamfutar teburi kuwa a ja mata kebul. Game da saurin ƙarewar data, Windows yana ɗaukar kowane waifai a matsayin marar iyaka, ya yi ta saukar da sabuntawa masu nauyi, sai idan an shiga saitin haɗin an gaya masa cewa datar a ƙirge take.

Daga nan ne zancen ya fara shiga tsaro. A Zango ba a hana maƙwabci abin da ya roƙa, kuma ban ga dalilin da zai fitar da waifai daga wannan ɗabi'a ba, amma ya kamata a san abin da ake bayarwa. Wayar Android ta zamani tana iya nuna kalmar sirrin waifai a matsayin hoto mai murabba'i wanda wani zai ɗauka da kyamara, don haka kalmar da aka ba mutum ɗaya da safe tana iya zaga layin kafin magariba. Duk wanda ya shiga kuma yana iya isa ga shafin sarrafa rautar. Mutane da yawa ba su san cewa rauta kalmar sirri biyu gare ta ba. Ɗaya ta shiga waifai ce, ɗayar ta shiga saitinta, wanda ake buɗewa da rubuta adireshi irin 192.168.8.1 ko 192.168.0.1 a burauza, kuma a rautoci da yawa wannan ta biyun tana nan yadda masana'anta ta bar ta, admin a sama, admin a ƙasa. Wanda ya shiga nan yana iya sauya kalmar waifai ya kori mai gida, ko ya karkatar da mai neman shafin banki zuwa na bogi. Muguwar manhajar Mirai, wadda a Oktoban 2016 aka yi amfani da ita aka hana ɗimbin mutane a Amurka shiga Twitter da Netflix na sa'o'i, ba da wata dabara mai zurfi ta kama dubban rautoci da kyamarori ba. Jerin kalmomin sirri na masana'anta kimanin 60 kawai take gwadawa. Gyaran aikin zama ɗaya ne. A sauya kalmar shiga saiti, a tabbatar tsaron waifai yana kan WPA2 ko WPA3, a kashe WPS, wato tsarin shiga waifai da gajeriyar lamba ko danna maɓalli, wanda tun 2011 aka gano cewa ana iya cinkar lambarsa da gwaji kimanin 11,000 kacal. Sannan a buɗe waifai na baƙi, wanda rautoci da yawa ke da shi: suna daban, kalma daban, yana ba da intanet amma ba ya kaiwa ga na'urorin gida. Da haka an sauke haƙƙin maƙwabtaka, kayan gida kuma sun tsira.

To, bairos na gaskiya fa? Yana nan, sai dai a mafi yawan lokuta mu muke shigo da shi da hannunmu. Kwamfutar da aka saya a kasuwa takan zo cike da Office da Photoshop da CorelDRAW waɗanda ba a biya lasisinsu ba, an fasa su da ƙananan manhajoji irin su KMSPico, kuma sharaɗin farko na ɗora irin waɗannan shi ne a kashe mai gadin kwamfutar, wato Microsoft Defender. Sau da yawa wanda ya rarraba fasasshiyar manhaja kyauta akwai abin da ya cusa a ciki, ko mai kwashe kalmomin sirrin da aka adana a burauza, ko mai kulle fayiloli. Daga cikin na biyun, wanda ya yi ƙaurin suna a wurin masu kwamfutar gida shi ne STOP/Djvu, wanda ke yaɗuwa ta wannan hanya tun ƙarshen 2018. Yana bin hotuna da takardu ɗaya bayan ɗaya yana kulle su, ya liƙa wa sunan kowanne wasu baƙin haruffa a ƙarshe, ya bar wasiƙar neman kuɗin fansa, wanda a shekarunsa na farko dala 980 ne, ko 490 ga wanda ya tuntuɓi ɓarayin cikin awa 72. Fomat yana kawar da manhajar, amma ba ya buɗe fayil ko ɗaya. Shafin No More Ransom, wanda Europol da 'yan sandan Holand suka kafa a 2016 tare da wasu kamfanonin tsaro, yana da mabuɗan wasu nau'o'in kyauta, kuma ya dace a fara dubawa can, ko da yake ba kowane kulli yake buɗuwa ba. Na san kuɗin lasisi yana da nauyi ga mai samun sidi, amma akwai mafita ta halal: LibreOffice kyauta ne kuma yana buɗe takardun Word da Excel, Google Docs ma haka.

Tsufan Windows kansa yana ƙara buɗe ƙofa. Microsoft ya daina tura gyaran tsaro ga Windows 7 ranar 14 ga Janairu 2020, ya kuma rufe tallafin Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, in ban da ƙarin shekara guda ga waɗanda suka yi rajistar tsawaitawa. Kwamfutar ba za ta daina aiki ba, amma duk ɓarakar da aka gano bayan nan a buɗe za ta zauna. WannaCry, wanda ya bazu a ƙasashe sama da 150 a Mayun 2017 har ya tsayar da aiki a asibitocin Ingila, ta ɓarakar da aka fitar da gyaranta tun watan Maris ya shiga; waɗanda ba su sabunta ba su ya kama. Abin ya shafe mu kai tsaye, domin Windows 11 yana buƙatar guntun tsaro na TPM 2.0 da firosesan Intel zubi na 8 zuwa sama, alhali da yawa daga cikin abin da ke kantunanmu zubi na 6 ne ko na 7. Lambar firosesa tana nuna haka: i5-6300U zubi na 6 ne, i5-8250U na 8. Mai saye yau ya duba wannan kafin ya dubi kyawun murfi, wanda kuma ya riga ya mallaki tsohuwa yana iya ɗora mata Linux Mint a madadin Windows, wanda kyauta ne kuma ana ci gaba da sabunta shi.

Duk da haka, asarar da na fi jin labarinta a unguwanninmu ta kiran waya take zuwa. Murya mai ladabi ta ce: "Salamu alaikum, Hajiya, ina wuni? Daga zauren ƙungiyar matan masallaci nake. Za a yi taro ta intanet bayan Isha'i, na turo miki lambar shiga, don Allah karanto min ita in sa sunanki." Abin da ya faru a zahiri shi ne mai kiran ya rubuta lambar wayarta a WhatsApp ɗin wayarsa, kamfanin ya aiko mata da lamba mai alƙaluma 6 don ya tabbatar ita ce, ita kuma ta karanta masa. Nan take asusunta ya koma hannunsa, ya shiga zaurukan da take ciki ya kwashi lambobin wasu, ya fara rubuta wa 'yan'uwa da sunanta: "Yaya, don Allah taimaka min da sidi 500 ta MoMo, zan mayar miki gobe." Dabarar tana cin nasara ne saboda ta dogara da kyawawan halayenmu, wato amsa sallama, da jin nauyin wanda ya ambaci masallaci, da gaggawar agaza wa ɗan'uwa, kuma wannan ne ya sa take ba ni takaici fiye da sauran.

Rigakafin yana cikin saitin WhatsApp, inda ake kunna tabbatarwa mai mataki biyu a zaɓi wata lambar sirri mai alƙaluma 6 wadda ba a aiko ta ta saƙo; ko ɓarawo ya sami ta farkon, wannan za ta tsayar da shi. Wanda aka riga aka ƙwace wa asusu ya sake rajistar lambarsa a wayarsa, da ya shigar da sabuwar lambar da aka aiko masa an fitar da ɓarawon, sai dai idan ɓarawon ya riga ya sanya tasa lambar sirrin za a jira kwana 7 kafin a shiga. A ɓangaren MoMo, wato asusun kuɗi na layin waya, salon ɗaya ne: saƙon bogi cewa an turo kuɗi bisa kuskure, ko kira daga mai cewa shi ma'aikacin kamfani ne, ko buƙatar amincewa da ta faɗo a allo ba tare da mutum ya sayi komai ba. Saƙon shigar kuɗi na gaskiya ba ya zuwa daga lambar mutum, kuma ga mai layin MTN, *170# yana nuna abin da ke asusu nan take. Babu ma'aikacin da aikinsa ke buƙatar lambar sirrin kowa. Idan abin ya faru a sanar da kamfanin layin ba tare da ɓata lokaci ba, a kuma kira ko a aika saƙo zuwa 292, layin Hukumar Tsaron Intanet da doka mai lamba 1038 ta shekarar 2020 ta kafa.

Akwai kuma tambayar da ba a cika yi ba: asusun wa ke kan na'urar? Da yawa daga cikin iyayenmu ba su suka buɗe asusunsu na Google ba. Yaron shago ne ya buɗe musu ranar da suka sayi waya, ya zaɓi kalmar sirri, wani lokaci har ya sa lambarsa a matsayin ta dawo da asusu. Kwamfuta ma haka: Windows na zamani yakan kulle faifai da BitLocker ya ajiye mabuɗin mai alƙaluma 48 a asusun Microsoft da aka fara shiga da shi, kuma idan na mai shago ne, ranar da kwamfutar ta nemi mabuɗin mai ita ba zai iya kaiwa ga kayansa ba. Ya kamata kowane gida ya tabbatar asusun na mai na'urar ne, kalmar sirrin doguwa ce, ba a kuma maimaita ta a wani wuri ba. Rubuta ta a littafi a ajiye tare da takardun gida ya fi amfani da sunan ɗa da shekarar haihuwa.

Ko ba daɗe ko ba jima kowane faifai zai mutu, don haka abin da ba a so a rasa ya kasance a wuri fiye da ɗaya: kwafi a kwamfuta, kwafi a faifan waje, kwafi a intanet, inda Google ke ba da gigabait 15 kyauta. A riƙa zare faifan wajen bayan an gama kwafa, domin mai kulle fayiloli da tsallen wuta duk suna cin abin da suka tarar a jone.

Idan kuma abin ya kai ga zuwa wurin mai gyara, akwai masu gaskiya da ƙwarewa da yawa a cikinsu, kuma mai gaskiya ba ya jin haushin tambaya. Kafin a miƙa kwamfuta a kwashe abin da za a iya kwashewa, a fita daga imel da WhatsApp da ke burauza, a cire hotunan iyali da bai kamata baƙo ya gani ba. A rubuta girman RAM da na faifai a gaban mai shagon, a sake dubawa ranar karɓa. Sannan a faɗa masa a fili: "Masta, ka fara gaya min abin da ka gano kafin ka goge komai, in ka canja wani abu kuma ka ajiye min tsohon." Idan ya ce sai fomat, a tambaye shi me ya gani a lafiyar faifai, nawa zafin firosesa ya kai, kuma da me zai kunna Windows ɗin da zai ɗora. Tambaya ta ƙarshen tana da muhimmanci, domin da yawa daga cikin kwamfutocin ofis da aka ƙera daga zamanin Windows 8 zuwa yau lasisinsu yana rubuce a cikin babban allonsu tun daga masana'anta. Idan aka ɗora nau'in da ya dace da lasisin, Pro ko Home, Windows yakan kunna kansa da zarar an haɗa shi da intanet, ba tare da an fasa komai ba.